Ranar Da Za Ka Tuɓe Kaki

Ɗana, duk lokacin da aka ba da sanarwar ɗaukar sababbin sojoji sai unguwarmu ta Briqueterie a nan Yawunde ta ɗauki zafi. Samari su yi ta kai-komo tsakanin shagon mai hoto da ofishin da ake buga hatimi, iyaye mata su kwance bakin zane, a teburin mai shayi da gefen tukubar masu tsire kuwa ba a zancen komai sai wane ya samu, wane ya faɗi a gudu. Ban ga laifinku ba. Yaron da ya tashi yana kallon faretin 20 ga Mayu, ya ga takalma na sauka ƙasa lokaci guda, ga albashi duk ƙarshen wata a garin da aiki ya yi wuya, dole ransa ya biya. Aikin soja aiki ne na mutunci, kuma ƙasa ba ta zaunuwa sai da masu tsaronta. Abin da ke damuna shi ne, cikin masu zuwa neman shawara wurina, kowa tambayarsa yadda zai shiga. Da wuya ka ji wanda ya tambayi yadda zai fito, alhali duk wanda Allah ya ja kwanansa sai ya fito, kuma sau da yawa yakan fito da sauran ƙarfinsa, ga mata, ga 'ya'ya a makaranta.

Akwai wani dattijo a nan unguwar da nake so ka dubi rayuwarsa. Ba zan kama sunansa ba, domin mutum ne da ba ya son a yi ta nuna shi. Tsohon soja ne, injiniyan lantarki ne, kuma maigida ne da iyalinsa ke murna in sun ji sallamarsa. Mutane na ganin abubuwan nan uku kamar sa'a ce ta haɗa masa su. Ni da na daɗe ina maƙwabtaka da shi na san tun yana saurayi ya ɗaura aniyarsu tare.

Kafin ya sa kaki ya riga ya riƙe filaya. Makarantar koyon sana'a ya yi, ya fito da takardar CAP a fannin lantarki, a zamanin da ake yi wa ɗan makarantar sana'a kallon wanda boko ya gagara. Da ya shiga soja sai aka tura shi sashen injiniyoyi, masu gina bariki da gada, masu ja wa sansani wuta. A can ya ci gaba da karatu, yana zana jarrabawa bayan jarrabawa, abokansa na hutawa shi yana fama da lissafi, har ya kai matsayin da shi ke zana yadda wutar gini za ta bi, wasu su aiwatar. Yakan ce kakin nan na hukuma ne, ranar da ta ga dama za ta karɓi abinta, amma abin da ke cikin kai da yatsu ba a mayar da shi sito. Hausawa sun riga sun faɗa, zanen aro ba ya rufe katara. Ka duba tsofaffin sojojin da ka sani. Wanda ya fito da sana'a, washegarin ritayarsa ma ana ƙwanƙwasa masa ƙofa. Wanda ya fito da iya riƙe bindiga kaɗai, yawanci gadin kanti ko na gidan wani attajiri ke jiransa, yana kwana a kan kujerar roba da shekarunsa. Gadi ba abin kunya ba ne, halal ne, sai dai mutumin da ya ba ƙasa ƙuruciyarsa ya cancanci ya samu zaɓi, kuma zaɓin nan tun yana kurtu ake tanadinsa.

Saboda haka, ɗana, in ka ƙudura shiga soja, shiga da wani abu a hannunka, ko ka ƙudura koyo a ciki. Hanyoyin a buɗe suke. Akwai makarantun fasaha da ake fita da Bakaloriya ta F3 a fannin lantarki. Akwai babbar makarantar injiniyoyi ta Polytechnique a Melen, wadda aka kafa tun 1971, tafiyar tasi ɗaya daga nan. Mai son zama hafsa ga makarantar EMIA a cikin garin nan. Babu ɗayansu da aka rubuta a ƙofarta cewa ɗan Bahaushe ba ya shiga. Mu ne muka daɗe muna gaya wa kanmu cewa namu shi ne yadi da ɗinki da tsire da canjin kuɗi. Sana'o'in nan sun riƙe kakanninmu da iyayenmu a Yawunde, sun gina gidaje da masallatai, Allah ya saka musu. Amma unguwar da ke da ɗaruruwan kekunan ɗinki masu aiki da wuta tana bukatar 'ya'yanta da suka san wutar da kanta.

Wani abu kuma da nake roƙonka da girman Allah: kada ka shiga da takardar da ba taka ba. Za ka samu mai ce maka ya san wani babba, ka kawo kuɗi kaza a sa sunanka. Za ka samu mai buga maka sakamakon jarrabawar da ba ka zauna ba, ko mai rage maka shekaru a takardar haihuwa. Na ga uwar da ta sayar da sarƙar aurenta ta ba irin waɗannan, sunan ɗanta bai fito ba, wayar mutumin kuma ta daina shiga. Wanda ma ya samu ya tsallake bai tsira ba. A shekarar 2022 ma'aikatar tsaro ta kori sama da mutum 900 daga cikin sababbin ɗauka saboda takardun bogi, wasunsu har sun yi nisa da horo, an aske musu kai, an yi musu murna a gida. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Yaron da aka koro haka ya rasa kuɗin iyayensa, ya rasa shekararsa, kuma sunansa ya shiga littafin da ba a goge shi da sauƙi. Faɗuwa jarrabawa da gaskiyarka ta bar maka damar sake gwadawa baɗi.

Bari in koma kan wuta, domin a nan ne na fi ganin halin dattijon, a nan ne kuma na fi jin tsoro a kanku.

Wata rana wani tela a layinmu ya kira shi, wai wutar shagonsa na yawan ɗaukewa, kuma yana jin ƙauri. Na bi shi don in ga yadda yake aiki. Bai taɓa komai ba sai da ya je ya kashe wutar daga mita, ya sa yaronsa ya tsaya a wurin, ya ce, "Ɗana, ko ubanka ne ya zo ya ce a kunna, ka ce sai na fito." Ya dawo ya sa testa a soket duk da ya san ya kashe. Sannan ya bi wayar da ido daga bakin ƙofa har bayan tarin yadudduka. Waya ce 'yar siririya, irin wadda aka yi don ƙwan fitila, amma ita ke ɗauke da dutsen guga biyu, da kekuna, da injin surfani, har da firjin wata maƙwabciya da aka ja mata ta taga. Inda aka haɗa wayoyi biyu, an murɗe su da hannu an naɗe da baƙar leda. Ledar ta narke ta manne, katakon da ke bayanta ya yi baƙi ƙirin. Da ya buɗe akwatin fis sai ga zaren tagulla mai kauri an ɗaura a gurbin fis ɗin, saboda wani mai gyara ya gaji da yadda yake yawan tsinkewa. Dattijon ya daɗe yana kallon abin bai ce uffan ba. Can ya ce wa telan, "Alhaji, fis ɗin nan da kake jin haushinsa shi ne mai gadinka. An kore shi, an bar ka da yadi da katako."

Lissafin ba wuya gare shi ba, kuma ina so ka riƙe shi ko da ba za ka taɓa zama mai gyaran wuta ba. Wutar gidajenmu bolt 220 ce. Kayan da ke cin wat 2,200 yana jan amfiya 10. Waya mai kaurin 1.5 an yi ta ne don fitilu, ta 2.5 don soket, murhun lantarki kuwa yana son ta 6. In ka ɗora wa ƙaramar waya abin da ya fi ƙarfinta, ba za ta yi maka gardama ba, zafi kawai za ta riƙa yi a ɓoye, robar jikinta ta bushe ta tsage, har daren da kowa ke barci. Jikin ɗan Adam kuma ba ya bukatar wuta mai yawa kafin ya halaka: abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba, in ya ratsa ƙirji, yana iya birkita bugun zuciya. Shi ya sa ake sa makashin nan mai tsinke wuta da kansa da zarar ya ji yoyon miliyamfiya 30, ake kuma binne sandar ƙarfe a ƙasa a haɗa ta da wayar kariya. Gida nawa ne a unguwarmu ke da su? Ka san yadda gidajenmu suke, bango jingine da bango, rufi na taɓa rufi, lungunan da motar kashe gobara ba ta iya kutsawa. A irin wannan wuri wayar maƙwabcinka taka ce, taka ma tasa ce.

Ina ganin samari da yawa sun yi wata shida a bayan wani maigida, sun iya sa ƙwai da makunni, sai su sayi jaka su ce sun zama injiniyoyi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, a wannan sana'a kuwa ƙuƙumin ba mai shi kaɗai yake shaƙewa ba. Ka daure ka gama koyo. Ka tambayi dalilin kowane abu. In mai gida ya ce ka sa masa waya mai araha don ya rage kuɗi, ka yi masa bayani cikin ladabi, in ya ƙi ka ɗauki jakarka ka tafi. Na sha ganin dattijon ya bar aikin da zai ci riba saboda haka, wani ya zo ya yi a rabin kuɗin. A lokacin mutane sukan ce taurin kai gare shi irin na soja. Yau duk mai gina bene a unguwar da ya san ciwon kansa shi yake nema, ko ɗaya daga cikin yaran da ya yaye.

Sai batun jan wuta ta bayan mita, wanda wasu suka mayar abin gwaninta. Za a ce maka kowa na yi, za a ce wutar ma ba ta zama. Gaskiya ne ana ɗauke wuta, kuma mai sana'a yana cutuwa. Amma ka san tafiyar da take yi kafin ta iso ɗakinka. Daga kogin Sanaga take fitowa, daga madatsun Edea da Song Loulou, da sabuwar ta Nachtigal mai megawat 420, ta biyo manyan layuka masu bolt 225,000 zuwa tashoshi irin ta Oyomabang, a yi ta rage mata ƙarfi har ta iso tiransifomar bakin titi. Ita tiransifomar nan an auna nauyin da za ta ɗauka. Duk wanda ya maƙala ƙugiya a ɓoye ya ƙara mata kayan da ba a lissafa ba, ranar da ta ƙone kuma layin gaba ɗaya ne zai kwana a duhu, mai ƙanƙara ya yi asara, mai nama ya zubar. Kamfanin wuta ya sauya hannu da suna a gaban idonmu, daga SONEL zuwa AES-SONEL a 2001, zuwa Eneo a 2014, hukuncin ɗaukar abin da ba ka biya ba kuwa yana nan inda malamanmu suka bar shi. Mutum ya yi alwala, ya kunna fitilar da aka sato wutarta ya buɗe Alƙur'ani, wannan abu ne da ya kamata ya tsaya masa a rai. Yaron da ake ba 'yan kuɗi ya hau turken wuta da dare, in ya faɗo, wanda ya aike shi ba ya cikin masu zaman makoki na gaba-gaba.

Ka lura, dattijon ba ya ba da labarin yaƙi. Yara sukan matsa masa, Baba ka taɓa harbi, Baba mutum nawa, sai ya yi murmushi ya aike su sayo goro. Yana cikin waɗanda aka tura yankin Bakassi lokacin da rikici ya yi tsami tsakanin Kamaru da Najeriya daga ƙarshen 1993. Wuri ne na ruwa da laka da sauro, kuma ga ɗan unguwarmu akwai wani nauyi na daban, domin da wuya ka samu gida a nan da ba shi da dangi a Kano ko Yola ko Mubi. Abu ɗaya na taɓa ji ya faɗa: a tsallaken ruwan akwai wanda in kun haɗu a masallaci sahu ɗaya za ku tsaya, harshe ɗaya za ku gaisa da shi. A ƙarshe ba bindiga ce ta raba gardamar ba. Kotun Duniya ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoban 2002, aka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006, aka kammala miƙa yankin a watan Agustan 2008. Waɗanda suka kwanta dama a cikin lakar nan ba su ga ranar ba. Don haka in ka ji saurayi na ɗokin a tura shi fagen daga don ya dawo da labari, ka san bai taɓa zama da wanda ya je ba.

Ƙannenka da yayyenka da suka yi aiki a Arewa Mai Nisa tun daga 2014, wajen Kolofata da Fotokol, suna fuskantar Boko Haram, wasunsu sun dawo jiki lafiya amma barci ya ƙaurace musu. Ƙarar ƙofa ta firgita su, ƙaramin abu ya tunzura su. Kada ka yi musu dariya, kada kuma ka miƙa musu ƙwaya da sunan taimako. Taramol ya cinye samari masu ƙarfi a garin nan fiye da yadda muke son faɗa. A yi musu addu'a, a zauna da su, a kuma kai su wurin likita. Asibitin soja na nan, asibitin Jamot ma na da sashen masu irin wannan lalura. Neman magani ba ragwanta ba ce. In kai ne abin ya sama wata rana, ka faɗa wa wani tun bai huce a kan matarka da 'ya'yanka ba.

Wannan ya kawo ni kan gida. Soja yakan saba da ba da umarni a bi ba tambaya, kuma da yawa sukan shigo da wannan har tsakar gida. Mun san gidajen da in maigida ya dawo hutu yara ke shigewa ɗaki, uwar gida ta rage murya, kowa na ƙirga kwanakin komawarsa. Irin wannan uba in ya yi ritaya sai ya tarar da kansa baƙo a gidan da ya gina: ana ba shi abinci, ana gaishe shi, amma ba mai zama kusa da shi. Dattijon ya gane haka da wuri. A zaure yake cire takalmansa na aiki, kuma tsawar bariki ba ta wuce nan. Da yamma za ka same shi a kan tabarma, akushi ɗaya da 'ya'yansa maza, yana tambayar kowa abin da aka koya masa a boko da allo. 'Yarsa ta fari ita ce ke riƙe masa tocila in yana gyara tun tana ƙarama, kuma da ta ce fannin fasaha take so bai ce wannan na maza ne ba.

Ba ya kuma ɓoye cewa rabin abin da ake yaba masa aikin Hajiyarsa ne. A watan Janairun 1994, yana can bakin daga, aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo, magani da madara da yadi, albashi kuwa bai motsa ba. Ita ce ta riƙe gidan da ɗinkin hula da adashi, ba ta cire yaro ko ɗaya daga makaranta ba. Abin da ya sauƙaƙa mata shi ne bai taɓa ɓoye mata nawa yake samu ba, kuma ta san inda kowace takarda take. Akwai wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsu: takardar ɗaukarsa aiki, ta kowane ƙarin girma, ta kowane canjin wurin aiki, takardar aure ta hukuma, takardun haihuwar yara, duk a jere cikin leda. Da lokacin fansho ya zo bai sha wahalar da wasu abokansa suka sha ba, waɗanda suka yi ta neman kwafin takardar da ta ɓace shekara ashirin baya.

'Yata, nan maganar ta fi shafarki. In soja ne ya zo neman aurenki, ko ma wani ma'aikacin hukuma, bayan an shafa fatiha ki tabbata an je an yi rajistar auren a ofishin magajin gari, an kuma yi wa kowane yaro takardar haihuwa a kan lokaci. Auren masallaci aure ne cikakke a wurin Allah, amma ranar da ta Allah ta kasance, ofishin da zai biya haƙƙin gwauruwa da marayu takarda zai tambaya. Na ga matan da suka yi shekaru a ɗakin miji, suka haihu, suka yi jinya, aka bar su a bakin ofis ba su da abin nunawa. Kada kunya ta hana ki tambaya, kuma namijin kirki ba zai ji haushin tambayar ba. Ki kuma riƙe sana'arki komai ƙanƙantarta, domin matar soja takan yi watanni ita ce uwa ita ce uba.

Kai kuma ɗana, albashin farko yana da ruɗi. Masu ba da bashi sun san ranar da yake shigowa fiye da kai. Na ga kurtun da ya karɓi bashin shekaru don babur da waya da bikin da za a yi ta zancensa, sai ya wayi gari abin da ke isowa hannunsa a ƙarshen wata bai kai kuɗin haya ba. Soja mai bashi a wuya shi ne ke fara miƙa hannu a shingen hanya, daga nan kuma mutunci ya fara zubewa. Dattijon bai yi mota ba sai da ya yi rufi. Ɗaki ɗaya ya fara ginawa, bayan shekaru ya ƙara wani, wutar gidan kuma shi ya ja ta da hannunsa.

Har yanzu yana fita aiki, ko da yake gwiwa ta hana shi hawa tsani. Yaransa ke hawa, shi yana ƙasa yana duba kowane haɗi kafin a rufe. Irinsa ba shi kaɗai ba ne a Briqueterie da Tsinga da Mokolo. Suna nan a sahun gaba a babban masallaci, tsofaffin sojoji, tsofaffin ma'aikatan wuta da na jirgin ƙasa, kuma yawancinsu ba abin da suke so kamar a tambaye su. Kafin ka kai takardunka wannan karon, je ka gaishe da ɗaya daga cikinsu, ka zauna, ka tambaye shi abin da ya tarar ranar da ya mayar da kakinsa. Sannan a cikin makon nan ka samo wanda ya san aikin da gaske, ku duba wayoyin ɗakin mahaifiyarka.